Haƙoran roba: nawa aka raba, nawa ake tauna da su?

A watan Afrilun 1951 Aneurin Bevan ya ajiye muƙaminsa na minista a gwamnatin Birtaniya, kuma abin da ya kai shi ga haka haƙoran roba ne da tabarau. Shi ne ya tsaya tsayin daka har aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, a 1948, bisa alƙawarin cewa magani kyauta ne ga kowa. Da aka buɗe ƙofa sai jama'a suka yi dafifi a wurin likitocin haƙori, domin a wancan zamani baki ba haƙori ba baƙon abu ba ne a can. Ko a 1968, da aka yi binciken haƙoran manya a Ingila da Wales, an tarar kashi 37 cikin 100 ba su da ko haƙori ɗaya nasu na halitta. Kuɗin ya yi wa baitulmali nauyi, ga yaƙin Koriya yana cin nasa rabon, sai ministan kuɗi Hugh Gaitskell ya ce daga yanzu mai son haƙoran roba ya biya wani kaso daga aljihunsa. Bevan ya ce bai yarda ba, ya fita, wani minista, Harold Wilson, ya bi bayansa.

Tun daga lokacin, duk ƙasar da ta ɗauki nauyin yi wa talakawanta haƙoran roba da kuɗin gwamnati sai ta tarar da idon masu binciken kuɗi a kan wannan aiki fiye da sauran ayyukan haƙori. Dalili a fili yake. Aiki ne mai tsada, yana cin lokacin likita, sannan abu ne da ake iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. Shawarar da likita ya ba marar lafiya ba ta ƙirguwa, amma haƙoran roba ana ɗaukarsu a hannu, a rubuta su a rajista, a tura takardar neman biya. Wannan sauƙin ƙirga shi ne nake ganin ya zama tarko. Ra'ayina shi ne asibitin da ake yi wa maki da yawan haƙoran da ya miƙa ba a auna shi ba tukuna, domin aikin bai ƙare ranar miƙawa ba. Ana sanin an yi aiki ko ba a yi ba bayan watanni, lokacin da tsohuwa ta zauna cin abinci: ko haƙoran suna bakinta, ko suna cikin kofi a gefen gado.

Ƙasar da ta fi dacewa a duba wannan batu a cikinta ita ce Tailan, don ta yi abin da ƙasashe masu irin ƙarfinta da yawa ba su yi ba. A 2001 ta fara tsarin nan da ya yi suna na biyan bat 30 (bat shi ne kuɗin ƙasar) a ga likita, a 2002 ta yi masa doka tare da kafa ofishin da ke riƙe da asusun, kuma a yau wajen kashi uku cikin huɗu na 'yan ƙasar a ƙarƙashinsa suke. Ragowar suna cikin tsarin ma'aikatan gwamnati ko na ma'aikatan kamfanoni. A 2005 ma'aikatar lafiya ta ƙaddamar da shirin haƙoran roba na Sarki, da niyyar yi wa tsofaffi 80,000 haƙora albarkacin cikar Sarki Bhumibol shekara 80 a watan Disamban 2007. Maganar da Sarkin ya yi ce aka riƙa a matsayin tushen shirin, cewa idan mutum ba shi da haƙori komai ya ci ba ya jin daɗinsa, ransa ba ya sakewa, jikinsa kuma ba ya ƙarfi. Shirin bai tsaya a 2007 ba, ya ci gaba, kuma haƙoran roba suna cikin abubuwan da asusun lafiya ke biya. Ƙasa ce da ke tsufa da sauri, masu shekara 60 zuwa sama sun kai kusan kashi 20 cikin 100 na jama'arta, saboda haka layin masu jira ba zai ƙare nan kusa ba.

A lura da abu ɗaya: Sarkin maganar cin abinci da jin daɗi ya yi, amma da maganar ta shiga ofis sai ta koma 80,000. Ba laifin kowa ba ne, haka gwamnati ke aiki ko'ina. Dole a sa adadi kafin a ware kuɗi. Sai dai daga ranar da aka sa adadin, shi kowane shugaban asibiti zai riƙa kallo.

Ga yadda ake awon. A 1957 wani masanin tattalin arziki, Michael Farrell, ya kawo tunanin cewa ana iya gane ƙwazon ma'aikata ta hanyar kwatanta ta da takwarorinta da suka fi kowa iya sarrafa abin da ke hannunsu. A 1978 wasu masana uku, Charnes da Cooper da Rhodes, suka mayar da tunanin hanyar lissafi da ake taƙaita sunanta da DEA. A kan makarantu suka fara gwada ta, daga baya ta bazu zuwa bankuna da asibitoci, kuma an yi amfani da ita a kan asibitocin gwamnati na ƙasashe da dama, har da Tailan. Idan aka ɗora ta a kan aikin haƙoran roba, a gefe ɗaya za a jera abin da asibiti ya zuba: likitocin haƙori nawa, mataimaka nawa, kujerun aiki nawa, kuɗin kaya nawa. A ɗaya gefen a jera abin da ya fito, wanda mafi yawan lokaci shi ne yawan haƙoran da aka yi ko yawan mutanen da aka yi wa. Kwamfuta ta zaɓo asibitocin da suka fi fitar da aiki daga abin da suka zuba, ta ba su maki 1. Kowane asibiti kuma a ba shi maki gwargwadon tazararsa da su. Wanda ya samu 0.7, ma'anarsa a lissafi ita ce da ya yi irin na gwanayen, da kashi 70 cikin 100 na abin da ya zuba sun ishe shi ya yi aikin da ya yi.

Hanya ce mai wayo, ba na raina ta. Ba ta buƙatar a san farashin komai, tana iya haɗa abubuwa mabambanta a lissafi ɗaya, kuma tana nuna wa asibiti takwaran da ya kamata ya je ya ga yadda yake yi. Amma abin da aka zuba mata shi take niƙawa. Ba ta san gwani na gaskiya ba, ta san wanda ya fi sauran a cikin waɗanda aka jera mata. Idan duka asibitocin suna aikin banza, wanda ya fi yawan aikin banza shi zai ɗauki maki 1. Idan kuma wani asibiti ya yi kuskuren rubutu ya ninka adadinsa, sai ya zama ma'aunin da za a yi wa kowa hukunci da shi.

Sai mutum ya san yadda ake yin haƙoran roba na baki duka zai ga inda lissafin ke yoyo. Ba abu ne da ake saya a saka ba. Zuwan farko likita ya duba bakin, ya cusa wani kwaɓi mai laushi ya ɗauko siffar dasashi. Da wannan ake yin faranti na musamman daidai bakin mutumin, a zuwa na biyu a sake ɗaukar siffar da shi, wannan karon a tsanake, har gefe-gefen da leɓe da harshe da kumatu ke motsawa. Zuwa na uku a auna yadda muƙamuƙin sama da na ƙasa ke haɗuwa da tsayin da ya kamata cizo ya kasance. Idan tsayin ya yi yawa mutum zai riƙa jin gajiya a muƙamuƙi, haƙoran suna ƙwanƙwasar juna in yana magana. Idan ya gaza fuska ta tsuke, gefen baki ya riƙa tsagewa. Zuwa na huɗu a jera haƙoran a kan kaki a gwada masa, ya duba madubi, ya yi magana, a gyara abin da bai yi ba tun ana iya gyarawa. Sai a na biyar ake miƙa masa na ainihi, waɗanda aka dafa da roba mai tauri a ɗakin haɗa haƙora. Tsakanin kowane zuwa akwai aikin mai haɗa haƙoran, wanda asibitoci da yawa ba su da shi a gida, sai dai su aika wa ɗakunan haɗa haƙora na 'yan kasuwa su jira.

Bayan miƙawa kuma sai wani aikin ya tashi. Kusan kowane sabon haƙorin roba yana cizon dasashi a wani wuri, ya yi gyambo, sai an koma an goge wurin, wani lokaci fiye da sau ɗaya. Na ƙasa ya fi wahala, don ba shi da faɗin ganɗa da zai manne a kai, ga harshe yana ture shi. Sannan ƙashin da ke ƙarƙashin dasashi yana zaizayewa tun daga ranar da aka cire haƙori. Binciken da Antje Tallgren ta wallafa a 1972, bayan ta bi masu haƙoran roba shekaru masu yawa, ya nuna zaizayar ta fi sauri a shekarar farko, kuma ta muƙamuƙin ƙasa ta ninka ta sama kusan sau huɗu. Wato haƙoran da suka zauna daram yau za su iya fara rawa baɗi, sai an yi musu ciko daga ciki. Akwai kuma koyar da mai su: yadda zai wanke, da cewa ya cire su in zai kwanta. Wani bincike da aka yi a Japan a kan tsofaffi masu shekara 85 zuwa sama, wanda ya fito a 2015, ya tarar kwana da haƙoran roba a baki yana ninka haɗarin kamuwa da nimoniya kusan sau biyu.

To, a ce asibiti biyu ne masu likitoci da kujeru daidai wa daida. Na farko yana bin matakan nan duka, yana kiran mutum ya dawo gyara, yana ɓata rabin sa'a yana koya wa tsoho yadda zai tauna ta gefe biyu a lokaci ɗaya. Na biyu ya haɗe awo biyu ya zama ɗaya, ya tsallake gwajin kaki, wanda ya dawo da kukan ciwo a ce masa ya yi haƙuri zai saba. A ƙarshen shekara na biyu ya fi yawan haƙora, lissafi ya ba shi maki 1, ya kuma ce wa na farko ya je ya koya a wurinsa. Telan da ya ɗinka riguna ɗari a daren salla, rabinsu ba su shiga jikin masu su ba, ba wanda zai kira shi gwani a unguwa, don masu rigunan suna nan suna faɗa. Bambancin kawai shi ne tsohon da haƙoransa ba su zauna ba yawanci ba ya faɗa. Kyauta aka yi masa, a Tailan ma da sunan Sarki, yana jin nauyin ya koma ya ce bai yi ba. Sai ya ajiye su ya koma cin abinci mai ruwa-ruwa, a rajistar asibiti kuwa yana cikin waɗanda aka gama da su lafiya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne idan bayan wa'adi ya dawo aka sake yi masa wasu, lissafin zai ƙirga shi sau biyu, gazawar farko ta zama ƙarin maki.

Wani zai ce wannan zato ne, likitoci ba za su rage aiki don maki ba. Ba na zargin likitoci da mugunta, amma Ingila ta riga ta gwada mana. A 2006 aka sauya yadda ake biyan likitocin haƙori na NHS, aka koma ƙirga maki na aiki: duba baki maki 1, ciko ko cire haƙori maki 3, aikin da ke buƙatar ɗakin haɗa haƙora, irin su haƙoran roba, maki 12. Matsalar ita ce haƙorin roba ƙwaya ɗaya da ake maƙalawa a giɓi maki 12 ne, na baki duka sama da ƙasa shi ma 12. Ciko ɗaya maki 3, ciko goma a baki ɗaya shi ma 3. Cire haƙori cikin 'yan mintoci da yi masa aikin jijiya na tsawon lokaci don a cece shi, duk maki 3 suke ci a lokacin. A 2008 kwamitin lafiya na majalisar dokokin ƙasar ya binciki tsarin ya yi suka a kansa, bayan an ga ayyuka masu wuya sun ragu, cire haƙora kuma ya ƙaru. Sai a 2022 aka ɗan gyara, aka raba rukunin tsakiya gida uku. Mutanen kirki ne suka yi wannan aiki, ba ɓarayi ba, amma kowa yana da albashin ma'aikata da kuɗin haya a kansa. Masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya faɗi irin wannan tun 1975 a kan harkar kuɗi: alamar da ake dogara da ita takan lalace da zarar an mayar da ita abin da ake matsa wa mutane su cim ma. Barazil ma, a ƙarƙashin shirin lafiyar baki da ta fara a 2004, tana ba gundumomi kuɗin ɗakunan haɗa haƙora ne gwargwadon yawan abin da suke fitarwa a wata. Shirin ya kai haƙora inda ba a taɓa kai su ba, wannan gaskiya ne, amma shi ma a ranar miƙawa ƙirgarsa ke tsayawa.

Akwai rashin adalci na biyu, wanda ya shafi inda asibiti yake. Likitocin haƙori a Tailan sun fi taruwa a Bankok da manyan birane. Asibitocin gunduma sun dogara sosai da sababbin likitocin da ke yin aikin dole na shekara 3 bayan kammala karatu, waɗanda da yawansu ke tafiya in wa'adi ya cika. Asibitin da ke cikin duwatsun Mae Hong Son, kusa da iyakar Myanmar, marar lafiyarsa yana iya fitowa daga ƙauyen da damina ke yanke wa hanya, ba lalle ma yana jin yaren Tai sosai ba. Idan ya zo sau uku ya kasa zuwa na huɗu, an kashe kaya da lokaci, babu haƙorin da za a rubuta. Akwatin awon da za a aika ɗakin haɗa haƙora sai ya yi tafiya mai nisa ya dawo. Likita ɗaya ko biyu ne ke cire haƙori, su yi ciko, su zagaya makarantu, su kuma yi haƙoran roba. A jera wannan asibiti da na wani gari mai kwalta da ɗakin haɗa haƙora a bayan katanga, a ce wannan 0.5 wancan 1, me aka gano? An gano taswira, ba ƙwazo ba. Masu lissafin sun san da haka, tun 1984 aka fitar da salon DEA da ke la'akari da girman ma'aikata, kuma akan yi zagaye na biyu a duba tasirin nisa da talauci. Amma jadawalin da ke isa teburin mai yanke hukunci shafi ɗaya ne, daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, bayanin da ke ƙasa da ƙananan haruffa ba kowa ke karanta shi ba.

Bakunan ma ba ɗaya ba ne. Wanda ya rasa haƙoransa bara, ƙashinsa na nan da tudu, aikinsa mai sauƙi ne. Wadda ta shekara ashirin ba haƙori, dasashinta ya baje, ga ciwon suga, ga bushewar baki saboda magunguna, aikinta na iya cin ninkin lokacin, kuma ko an yi ba lalle ya zauna ba. Irin waɗannan ne suka sa a 2002 taron masana a jami'ar McGill ta Kanada ya ce abin da ya fi dacewa da muƙamuƙin ƙasa shi ne a dasa ƙarfe biyu a ƙashi su riƙe haƙoran, kuma Tailan ta bi da shirin dashe ga tsofaffin da nasu suka ƙi zama. Idan kuɗin da ake biya ɗaya ne, kamar yadda aka daɗe ana biyan bat 4,400 kan na baki duka sama da ƙasa, maki ma ɗaya ne, to wa za a fara kira daga cikin masu jira? Ba sai an kori kowa ba. Mai wuyar kawai za a riƙa ɗaga wa rana.

Sannan akwai kuɗin da ba ya shiga lissafin ko kaɗan, na marar lafiya. Zuwa biyar ko shida yana nufin kuɗin mota sau biyar ko shida, da ɗa ko jika da zai bar gona ko wurin aiki ya rako tsoho. Asibitin da ya daina fita ƙauyuka ya ce kowa ya zo gari ya rage abin da yake kashewa, makinsa ya hau. Kuɗin bai ɓace ba, ya koma aljihun talaka ne, inda ba mai rubuta shi.

Duk da haka ba na tare da masu cewa aikin likita ya fi ƙarfin awo, a bar su da lamirinsu. Wannan magana ta fi yi wa malalaci daɗi. Kuɗin jama'a ne, kuma kowace kujerar da ta wuni ba kowa a kanta wani tsoho ne ya ƙara wata guda a layi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2022 cewa kusan kashi 23 cikin 100 na masu shekara 60 zuwa sama a duniya ba su da haƙori ko ɗaya. Da irin wannan buƙata, asibitin da ke da likitoci biyar yana yin aikin biyu dole a tambaye shi dalili. Kuma akwai ɓarna ta gaske da lissafi ke tonowa: likita yana aikin da mataimaki zai iya, ana sake awo saboda an bar na farko ya lalace kafin a zuba shi, ana ba mutane ashirin lokaci ɗaya da safe su wuni a benci. A auna. Rigimata a kan abin da ake sakawa a gefen sakamako ce.

Abin da zan ƙirga shi ne mutanen da ke sanye da haƙoransu suna ci da su bayan wata shida. Ba abu ne mai wuya ba kamar yadda ake nunawa, kuma Tailan ta fi kowa kayan aikinsa. Tana da 'yan sa-kai na lafiya a ƙauyuka sama da miliyan ɗaya, waɗanda dama suna shiga gida-gida, tana da ƙananan cibiyoyin lafiya a ƙasa da matakin gunduma, da yawansu da ma'aikatan jinyar haƙori. Tambaya uku sun isa: kana saka su kullum, kana cin abinci da su, suna yi maka ciwo? Gara ma wanda zai yi tambayar ya zama ba ma'aikacin asibitin da ya yi haƙoran ba, don kunyar nan da na ambata. A arewa da arewa maso gabashin ƙasar, inda shinkafa mai danƙo ce abincin yau da kullum, ko tambayar mutum yana iya cin ta da haƙoran a baki ta isa ta nuna abu mai yawa. Ga wanda ke son ma'auni na ilimi, akwai jerin tambayoyin da ake kira OIDP, masu auna yadda matsalar baki ke hana mutum ci da magana da murmushi da barci da shiga mutane. Wani masani ɗan Tailan, Supreda Adulyanon, shi da Aubrey Sheiham na Landan suka tsara su a shekarun 1990, kuma a kan mutanen Tailan aka fara gwada su. Akwai ma cingam mai sauya launi da aka ƙera a Japan don auna ƙarfin tauna. Kayan awo ba su yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne a haɗa su da takardar biya.

Koriya ta Kudu ta ɗan matsa kusa da haka. Inshorar lafiyarta ta fara biyan haƙoran roba na baki duka ga masu shekara 75 zuwa sama a 2012, ta sauko da shekarun zuwa 70 a 2015, zuwa 65 a 2016. Ana biya mataki-mataki, saboda haka kowane mataki yana da gurbinsa a rajista. Sau ɗaya ake yi wa mutum cikin shekara 7, kuma gyaran watanni ukun farko yana cikin kuɗin. Wannan bai tabbatar da cewa ana tauna da haƙoran ba, amma aƙalla ya amince cewa aikin ya wuce ranar miƙawa. Ni da zan ƙara, sai in riƙe wani kaso na kuɗin, ba mai yawa ba, har sai an ga mutumin a wata na shida. Na san abin da za a ce: wasu za su rasu, wasu su koma wurin 'ya'yansu a birni, wasu kuma ko mala'ika ne ya yi musu ba za su saka ba. Haka ne. Shi ya sa ba za a nemi ɗari bisa ɗari ba, za a kwatanta asibiti da takwarorinsa masu irin mutanensa da irin hanyoyinsa, a kuma ba baki mai wuya nauyi fiye da mai sauƙi. Tsawon jira ma ya shiga lissafi, da yawan waɗanda suka fara ba su ƙarasa ba.

Akwai wani abu da ko wannan gyara bai warware ba. Haƙorin roba shaida ce cewa an yi asara a baya. Komai kyansa bai kai na halitta ƙarfin cizo ba, ko kusa. A 1989 Japan ta fara gangamin da ta kira 8020, wato mutum ya kai shekara 80 da haƙoransa 20, domin da ashirin ana iya cin kusan komai. Tun 1981 wani likita ɗan Holan, Arnd Käyser, ya nuna cewa mutum na iya rayuwa lafiya ba tare da turamen can ciki ba in na gaba da na tsakiya suna nan. A lokacin da aka fara gangamin tsirarun tsofaffi ne ke cika sharaɗin, a binciken 2016 kuwa sun haura rabi. Asibitin gundumar da ya ba da ƙarfinsa ga wanke dasashi da ciko da hana cire haƙori barkatai, bayan shekaru zai yi haƙoran roba kaɗan, kuma duk lissafin da ya tsaya a kan haƙoran roba kaɗai zai nuna shi a ƙasa. Don haka awon wannan aiki shi kaɗai, a ware daga sauran ayyukan sashen haƙori, yana iya hukunta wanda ya fi kowa hangen nesa.

A Najeriya dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, jihohi kuma sun kafa hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, kamar ta Kano. Duk ranar da waɗannan hukumomi suka zauna tsara yadda za su biya aikin haƙora, takardar da ta fi sauƙin rubutawa ita ce ta biyan kuɗi kan kowane haƙori da aka miƙa, kuma ita za a fara kawowa. Ya kamata wani a teburin ya san abin da ya faru a Ingila bayan 2006.

Saura abin da za a yi da makin in ya fito. Na fi tsoron wannan fiye da lissafin kansa, don abin da aka saba shi ne a rage wa na ƙasa kuɗi a ƙara wa na sama, ƙaramin asibitin da dama numfashi yake da ƙyar a ƙara shaƙe shi. Maki ƙasa dalili ne na a tura mutum ya je ya gani da idonsa. Ya tambayi wata nawa asibitin ya yi ba likitan haƙori a shekarar, kwana nawa akwatin awo ke yi kafin ya dawo, kujera nawa ke aiki cikin waɗanda aka rubuta, mutum nawa suka daina zuwa a tsakiyar aiki kuma daga waɗanne ƙauyuka. Maki 1 ma yana buƙatar irin wannan ziyara, sai dai shi ba a asibiti za a yi ta ba. A ɗauki sunaye talatin daga rajistar bara, a bi su gida.